Shirun da Baba Ke Bari

Tun ina sakandare a nan Daura kwamfuta ta shiga raina, kuma har yau ba ta fita ba. Ba ita ce sana'ata ba, malamin lissafi ne ni. Amma ka ba ni matacciyar kwamfuta da sukundireba, to ka gama da ni, ko abinci sai an yi ta aike. Ƙarƙashin gadona cike yake da gawarwakin wayoyi da igiyoyin caji waɗanda nake ta cewa wata rana za su yi amfani.

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, ni ne lauyan na'ura. Duk wanda ya zagi waya ko kwamfuta, da ni yake. Kullum maganata ɗaya ce: na'ura ba ta ƙarya, ba ta gulma, ba ta riƙo. Abin da ka danna shi za ta yi maka. In ka ga ta yi shirme, duba kusa da ita, za ka tarar da ɗan Adam a zaune yana zare ido. Ina kuma da wani ra'ayin da ya sha jawo min zagi, wato gaisuwarmu ta yi tsawo. Na taɓa ce musu da za a tara lokacin da mutanen Daura ke kashewa a ina kwana da ina gajiya, da tuni mun kafa tashar mota a duniyar wata. Su ma fa kwamfutoci suna gaisawa kafin su yi magana da juna, wallahi ba wasa nake ba, sai ɗaya ta nemi izini ɗayar ta amsa. Amma cikin ƙiftawar ido an gama, babu ya iyali, babu ya jin sanyi. Mai shayi ya ce shi ya sa ba su da albarka, shekara kaɗan sun mutu.

Mahaifina shi ne auta a ɗakinsu. Duk 'yan'uwansa sun riga mu gidan gaskiya, saura yayarsa guda, Gwaggona, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Baure, dab da iyaka. Ita ta goya shi. Ga shi da gemu fari fat, ga jikoki, amma har gobe Auta take ce masa, shi kuma ya amsa da ladabi. Lokacin da yake da ƙarfi yakan hau babur ya bi ta Zango ya je ya gaishe ta. Sai ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ita kuma mota ba ta karɓe ta ba, in ta shiga sai ta yi kwanaki tana jiri. Kiran waya kuwa ba a magana, domin sabis a ƙauyen nan sai ya ga dama yake zuwa. Wani lokaci kana zaune a tsakar gidanta wayarka za ta yi maka barka da zuwa Nijar.

Nan na ga damar nuna bajinta. Na ciro gawarwaki biyu daga ƙarƙashin gado, na ɗauki fuskar wannan na haɗa da cikin waccan, waya ta tashi garau. Na kai wa Gwaggo, na koya mata saƙon murya, na dawo na koya wa Baba. Shi saƙon murya haƙuri gare shi, zai zauna ya jira har sabis ya zo. Gwaggo ta samo dabararta: da hantsi sai ta ɗora wayar a kan rumbu, ta tafi harkarta, can ta dawo ta duba kamar mai duba ƙwan kaza.

Yadda Baba ke aika saƙo abin kallo ne. Sai ya gyara zama, ya daidaita hula, ya yi gyaran murya, sannan ya danna. Ya yi sallama, ya yi shiru. Ya ce, "Yaya, ina kwana?" ya yi shiru. "Ina gajiya?" shiru. "Ya ƙafar taki?" wani shirun, har da gyaɗa kai yana cewa madalla, madalla, shi kaɗai a zaure. Ranar da na fara ganin haka na ce, "Baba, ai ba ta jin ka yanzu. Shirun nan data kawai yake ci."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To in ban bar mata wuri ba, a ina za ta amsa?"

Na kai labarin majalisa, muka yi ta dariya. Daga baya ɗan Gwaggo, wanda ke fataucin shanu yana yawan biyowa ta Daura in zai tafi kasuwar Mai'aduwa, ya gaya min ai amsawa take yi. Takan shige ɗaki ta ja labule, ta ɗora wayar a cinya, shi yana gaisuwa ita tana amsawa a cikin gibin, daidai wa daida. In ta gama, sai ta danna ta aiko masa da nata, yawanci faɗa ne a kan bai shan magani.

An daɗe ana haka lafiya lau. Sai wata kaka, daidai lokacin da ake ɗaurin gero, Gwaggo ta ɗauke wuta. Baba ya aika, shiru. Ya sake aikawa, shiru. Ga shi kuma ni da bakina na koya masa cewa in 'yar alamar nan ta koma shuɗiya, to an buɗe saƙon an saurara. Kullum da hantsi tana komawa shuɗiya, kuma kullum babu amsa. Ya daina zama a ƙofar gida bayan la'asar. Tuwonsa ya fara dawowa da saura. Yakan miƙo min wayar ya ce in duba ko ta lalace, in duba in ce lafiyarta ƙalau, sai ya karɓa ya sa a aljihu. Abin ya dame ni ƙwarai, don ban taɓa ganin mahaifina ya yi laushi haka ba.

Ana nan sai ga ɗan Gwaggo ya biyo. Ya gaishe da Baba, ya yi ta sosa ƙeya, da ƙyar ya ce, "Kawu, Inna ta ce a gaya maka ta gode. Ta ce tunda yanzu ka zama mai uzuri, ka daina wahalar da kanka."

Baba ya ce, "Ni? Wane uzuri gare ni? Ni da ko masallaci sai da sanda?"

Ɗan Gwaggo ya rantse bai san komai ba. Ita ba ta barin kowa ya taɓa wayar, kuma ba ta saurare a gaban mutane.

Ranar Asabar na shirya kamar mai zuwa yaƙi. Na cika jaka da kwamfuta, igiyoyi, batir, har da abin hura ƙura. A cikin mota ina ta lissafi. Na ce ko ƙwayar cuta ce ta shiga wayar. Na ce ko wani ɗan iska ne ya kwaikwayi muryar Baba, tunda yanzu an ƙera na'urorin da za su saurari mutum kaɗan su riƙa magana da bakinsa. Wannan tunanin ya fi yi min daɗi, don ya fi girma, kuma zai yi armashi a majalisa. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin kafin mu kai Zango.

Na tarar da ita a inuwar rumbu tana tsince wake. Na durƙusa muka gaisa. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi makaranta, ta tambayi maƙwabcinmu da ya rasu tun bara. Aka kawo fura na sha. Ba ta tambayi Baba ba. Da na gaji da jira na ce, "Gwaggo, Baba yana gaishe ki."

Ta ce, "Ashe yana da lokaci."

Na ce, "Me ya faru ne, Gwaggo?"

Ta ture faifan waken gefe. "Kai Injiniya," haka take tsokanata, "ni na goya ubanka. Wannan bayan nawa ya yi wa fitsari. Yau shi ne zai ce min ina kwana, kafin in buɗe baki ya wuce ina gajiya, kafin in ce babu gajiya ya kai ƙafa, ya bar ƙafa ya kama damina? Kamar mai gwanjo! Kamar wanda kare ya biyo! Ku yara in kun yi min haka ba na damuwa, ku da gaggawa aka haife ku, na ji kai ma haka kake yi yanzu. Amma Auta? In ya gaji da gaishe ni, ai sai ya bari. Ba a yi min gaisuwar jefarwa."

Ta kau da kai. Na roƙe ta ta nuna min. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta ciro wayar a naɗe cikin ɗankwali. Na kunna saƙo ɗaya.

Jama'a! Sai ga Baba, dattijon da yake ɗaukar minti guda kafin ya gama cewa bismillah, yana zuba kamar ana soya gyaɗa. Salamu-alaikum-Yaya-ina-kwana-ina-gajiya-ya-ƙafar-taki-madalla-madalla. Dariya ta taso min tun daga ciki, na cije leɓe har na ji gishiri, domin fuskar Gwaggo ba ta dariya ba ce. A gefen saƙon kuwa ga ɗan madanni nan, ƙanƙane kamar ƙwayar wake, ɗauke da lamba biyu. Madannin ninka sauri ne. In ka kai shi kan biyu ya zauna kenan, duk saƙon da ya shigo da gudu zai fito.

Na ce, "Gwaggo, kin taɓa danna nan?"

Ta matso da wayar kusa da ido. Ta ce, "Ai nan fuskarsa take. Da ya fara magana sai hoton ya ɓace, wannan abin ya fito. Shi ne na ce bari in danna ko zai dawo."

Na sa ɗan yatsa na taɓa, lamba biyu ta koma ɗaya. Shi kenan gyaran. Jakar da na sha wahalar ɗaukowa ko zip ɗinta ban buɗe ba. Na sake kunnawa, muryar Baba ta fito a hankali, da nauyinta, da gyaran muryarta. Ya yi sallama, ya yi shiru. Gwaggo ta amsa tun kafin ta san ta amsa.

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta ce, "Wato shi bai yi sauri ba?" Na ce ko kaɗan. Ta ce, "Wa ya sa abin a wurin?" Na ce waɗanda suka ƙera. Ta ce Allah ya shirye su. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da aka danna ta yi. Amma wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ga babu inda ya dace da madannin gaggawa sai kan fuskar mutum, ina da magana da shi. Da zan gan shi, sai na sa shi ya durƙusa ya gaida Gwaggo tun daga farko har ƙarshe.

Na ɗauka an gama, har na fara neman takalmina. Ashe ba ta taɓa jin ko ɗaya daga saƙonnin nan har ƙarshe ba. Da ya fara gudu sai ta kife wayar. Ta ce in mayar mata tun daga na farko, duk sai ta amsa, ba za ta ci masa gaisuwa ba. Haka na zauna a kan tabarma, ni mai ƙorafin tsawon gaisuwa, ina kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ya ƙafar, da sauƙi Auta. Inuwar rumbu ta tashi daga kanmu, muka ja tabarma muka bi ta. Tun tana amsawa da ƙarfi har da tsaki in ya ce ya sha magani, har ta koma amsawa a hankali, domin saƙonnin suna ta gajercewa, muryarsa tana ta yin ƙasa.

Na ƙarshen ban san lokacin da ya aika shi ba, ba a gabana ya yi ba. Ya yi sallama, ta amsa. Bai ce ina kwana ba. Ya ce, "Yaya, in wani laifi na yi miki, ki gaya min in ba ki haƙuri. Mu biyu fa muka rage."

Sai shiru. Ana jin numfashinsa, ana jin zakaran gidanmu can nesa.

Gwaggo ta ce, "Ba ka yi min komai ba, Auta." Ta sa bakin zane ta goge ido. Shirun bai ƙare ba, yana ta tafiya, har ta samu ta sake faɗa. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don idona ya cika.

Da saƙon ya tsaya ta ce, "Danna min wurin maganar." Na danna na riƙe mata wayar kusa da baki. A al'ada ƙarami ke gaida babba, kuma tun da aka haifi Baba ita ba ta taɓa riga shi gaisuwa ba, amsawa ce tata. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yi sallama, ta ce, "Auta, ina wuni?"

Na buɗe baki zan ce ta ci gaba. Ta ɗaga min hannu, ta karkata kunne wajen wayar, tana jira ya amsa.