Gadar da Ban Auna Ba

Mu goma sha bakwai ne a gidana, in mun fita biki sai ka rantse gari ne ya tashi. Da na je Kano zaɓen tsohuwar bas 'yar Kwatano, na nuna wadda ta fi faɗi. Na ƙirga kujeru sau uku, na manta da siririyar gadar kanal ɗin ƙauyenmu a Bunkure.

Ranar farko na hau gadar, yara suna ta waƙa. Sai muka ji siminti yana zuba cikin ruwa daga ƙarƙashin tayar baya. Waƙar ta tsaya.

"Malam, kada ka waiwaya," in ji mai ɗakina.

Mun haye. Tun ranar a ƙafa suke tsallakewa, ni kaɗai a mota, ƙofata a buɗe.