Yatsana a kan layin ƙanina

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, gemuna ya riga ya fara furfura. In an tashi daga aji bayan la'asar, nakan biya shagon ƙanina a kasuwar Maƙarfi, inda yake cajin waya, in zauna a benci ina bitar karatu da yatsa, harafi bayan harafi.

A lokacin yana neman gurbi a wani horo na rubuta manhajar kwamfuta a Zariya. Sun aiko da matsala ɗaya, wanda ya warware kafin Juma'a shi za su ɗauka. An ba masu neman gurbin dogon rubutu, haruffa da lambobi a cakuɗe, aka ce su tsara wa kwamfuta umarnin da za ta tsince lambobin duka. Nasa umarnin kuwa, da ya kunna sai kwamfutar ta yi ta aiki ba tsayawa, ta yi zafi, har sai ya kashe ta. Ya daina kula masu karɓar waya, abinci ma sai ya huce a gabansa.

Ranar Alhamis ya zura wa yatsana ido. Sai ya kwafi layi ɗaya a bayan kwali, ya ce yau ni ne kwamfutar. Zai karanto umarni, ni kuma in yi abin da ya faɗa kawai, kada in yi masa wayo.

Na ce, "Wayon da ba ni da shi?"

Ya ce in fara daga farkon layi, in tafi har in ga lamba. Na tafi a hankali, na tarar da bakwai, na faɗa. Ya ce in sake nema. Na mayar da yatsa farkon layi, na sake isa bakwai. Haka a karo na uku.

"Yaya, me ya sa kake komawa baya?"

"Ai ba ka ce in ci gaba daga inda na tsaya ba."

Ya kalli kwalin. Sannan ya juya ga kwamfutar, ya ƙara 'yan kalmomi. Wannan karon lambobin suka jeru, kwamfutar ta tsaya da kanta. Ya tura amsar kafin magariba, ya aika a sayo mana tsire.

Bayan girbi suka kira shi. Ni na raka shi tasha, na ɗora masa rabin buhun masara a bayan mota.