Alhajin Gaya Da Na Ƙirƙira

Ni haifaffen Malanbil ne, bayan babbar kasuwa. Kafin in lalace, ɗan gwanjo ne ni mai rufin asiri. Ina sayen tsoffin kaya, fanka, talabijin, keken ɗinki, injin ban ruwa, in wanke, in gyara abin da ya gyaru, in saida. Shagona ɗan ƙarami ne, jikin wani mai injin niƙa wanda ƙararshi ba ta barin mutum ya ji maganar kanshi. Abin da nike samu bai kai a yi fahari ba, amma ni da matata ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Da manyan wayoyi sunka yawaita, sai anka buɗe gurup na gwanjo, wato zaure cikin waya. Mutanenmu ne a ciki, da na Gaya ta Nijar tsallaken gada, har da na Kamba. Mai kaya ya ɗauki bidiyo ya saka, a fara tayi bayan azahar, a rufe da kiran la'asar. Wanda ya fi tayi shi ya saya. Da yake mafi yawanmu ba mu yi lakwal ba, wato boko, ba a rubutu, bokal ake aikawa, saƙon murya. Ka ji mutum ya ce, "Ni na ba da jikka goma da dala ɗari na sefa," wani ya ce, "Na ƙara dala hamsin."

Wata rana na saka wata fanka mai kyau, tayi ya tsaya ƙasa da kuɗin da na saye ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da wani tsohon layin Nijar cikin aljihu, sai zuciya ta ce mini, mi zai hana? Na sa shi cikin wata waya, na shiga gurup da sunan Alhaji na Gaya. Na toshe hanci, na ja murya irin ta Zabarmawa, na ƙara dala ɗari biyu. Nan take wani ya hau kaina. Fanka ta tashi da riba, ni ko na yi ta dariya ni kaɗai kamar mahaukaci.

Daga ranan Alhaji ya zama abokin cinikina. In tayi ya yi sanyi, sai ya shigo ya hura shi, ya janye kafin la'asar. In tsautsayi ya sa kaya sunka faɗa hannunshi, sai in bari kwana ukku in ce Alhaji bai cika alkawari ba, in ba mai tayi na biyu. Abin da ban zata ba, sai na daina yarda da kowa. Duk wanda ya yi tayi a kayan wani, in kasa kunne in ce wanga ma muryar ƙarya ce. Wanda ya gaishe ni da fara'a, in ce bincike ya zo yi. Matata ta taɓa ɗaukar wayar Alhaji za ta share teburi, na daka mata tsawar da ta sa ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Sai Mudi ya shigo rayuwata. Ɗan kabu-kabu ne, shina kawo mini kaya da araha wadda ta wuce hankali. Sau ɗaya na tambaye shi inda yake samu. Ya ce, "Kai saye kake ko alƙalanci?" Ban sake tambaya ba. Na sani sarai, wallahi na sani.

Wata safiya ya kawo injin ban ruwa cikin buhu. Na ba shi jikka ashirin, na shafe jan fentin da shuɗi, na kai shi ɗakin wani kango da nike ajiya. Na tada shi na ɗauki bidiyo. Injin na da wata ɗabi'a, sai ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Ban kula ba, na saka a gurup.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Baba Saini ne, manomin albasa na Madekali, abokin marigayi babana. Shi ya riƙa mini rago ranar sunan ɗiyata.

Ya ce, "Ɗana, injin ga da ka saka, ina ka same shi?"

Na ce, "Daga Kutunu anka kawo, Baba. Lahiya?"

Sannan ya ce, "An ɗauke nawa shekaranjiya a bakin gulbi. Tarinsu iri ɗaya. Amma nawa ja ne." Ya ce albasarshi ta fara ƙwai, in ta ƙara kwana biyar ba ruwa ta tahi, kuma ita ce abincin gidanshi na shekara. Maƙwabta kowa na fama da nashi fili, ba mai ba da aro. Ya ce zai shiga tayi, in taimake shi.

Ku ji abin da na yi, samari, don ku san inda son kuɗi ke kai mutum. Maimakon in ji tausai, lissafi na yi. Na ce tsohon ga ba shi da mafita, ko nawa ne zai biya. Ya fara da jikka arba'in, Alhaji ya ce hamsin. Ya ce hamsin da biyar, Alhaji ya ce sittin. Ya ce sittin da biyar, muryarshi na rawa, kowa a gurup ya ji. Na sake toshe hanci na ce saba'in, ina jiran ya ƙara. Bai ƙara ba. Anka kira la'asar, inji ya faɗa hannun mutumin da babu shi a duniya.

Da na ga dama, da marecen nan sai in kira shi in ce Alhaji ya janye. Tsoro ya hana ni. Na ce in na yi sauri zai gane, bari in cika kwana ukkun da na saba.

Ashe shi bai zauna ba. Washegari ya hau kabu-kabu ya ƙetare gada, ya shiga kasuwar Gaya shina neman Alhaji, don ya roƙe shi hayar injin ko na sati guda. Ya bi rumfa rumfa shina kunna ma mutane bokal ɗin Alhaji. Ba wanda ya san muryar. Wani mai gyaran inji ya saurara sau biyu ya ce mishi, "Baba, wanga ba Bazabarme ba ne, kwaikwayo yake. Kuma ji injin niƙa bayanshi."

Rana ta ukku da hantsi sai ga shi a shagona, tare da mai gurup, wato shugaban zauren, da wasu mutum biyu. Munka gaisa, na ba shi kujera. Ya zauna shina sauraren injin maƙwabcina. Ya miƙa ma mai gurup waya ya ce, "Kira mini Alhaji." Ina kallo ya danna. Wayar Alhaji da na ɓoye cikin kwalin da ke ƙarƙashin teburina ta kama ruri.

Baba Saini ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba ni son shari'a. Ba ni injina in tahi, yau in na ba ta ruwa za ta tashi."

Ko a nan ban saduda ba. Na ce a raina tarko ne, in na hiddo shi na amsa laifin sata. Na rantse cewa injin ya wuce Nijar. Sunka kira jandarma. Kwana shidda ina musu, sai da anka kamo Mudi ya kai su kangon da kanshi. Ranar da inji ya koma Madekali, ganyen albasa ya riga ya kwanta ya bushe.

Anka yanke mini shekara biyu a gidan kaso. Ba zan ba ku labarin ƙuma da zahi da tuwon da ba ya ƙosarwa ba, duk wanda ya shiga zai gaya muku. Abin da ya fi cina shi ne muryar tsohon nan tana rawa wurin faɗin sittin da biyar. A can na koma ga salla, na yi kuka na roƙi Allah gafara.

Da anka sake ni ban tarar da shago ba, matata tana gidansu. Na tahi Madekali neman Baba Saini, anka ce ya jinginar da filin, shina kasuwar Malanbil. Can na same shi, mutum mai furfura, shina ɗinke bakin buhunan albasar wasu ana biyanshi dala goma-goma. Na durƙusa na ce ya yahe mini.

Ya ce, "Na yahe maka tun kana ciki, don ina son Allah ya yahe mini nawa." Ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce, "Abu ɗaya nike so in sani. Da na ce saba'in da biyar, za ka tsaya?"

A raina na san ba zan tsaya ba.

Yanzu dako nike yi a tasha. Ku samari masu saye da sayarwa cikin waya, sana'a ce mai kyau, ku riƙe ta da gaskiya. Kada ku yi tayi a kayanku da sunan wani, ko na dala guda ne. Kayan da arahar shi ta ba ku tsoro, ku tambayi asalinshi, in an ƙi faɗi ku bar shi. In kuma kun riga kun yi kuskure anka ba ku ƙofar gyara, ku shiga da sauri, kada ku tsaya zargin mai ba ku ita. Ni an ba ni, na ƙi. Kullum da sahe ina wucewa ta gaban Baba Saini da kaya a kaina, in gaishe shi, ya amsa, bai ɗaga kai daga buhun ba.