Bangon Gabas

Duk sanda na ji warin makuba, sai gidanmu na Kontagora ya faɗo mini a rai. Makuba ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi a yaɓe bango don kada ruwan sama ya ci shi. Ni dillalin siminti ne, da shi Allah ya rufa mini asiri, amma ban taɓa yarda a shafa shi a bangon gidan nan ba. Bari ka ji dalili.

Kakanmu ne ya gina gidan tun kafin samun 'yancin kai, lokacin yana aikin akawu. Ginin ƙasa ne mai kauri, da rufin kwano, da doguwar baranda, da tagogin katako masu shuɗin fenti. Ko bazara ta kai bazara, in ka shiga ɗaki sai ka ji sanyi kamar ka tsaya gindin randa. Da ya rasu, kaka ce ta riƙe gidan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka takan aika garin Salka a kawo ɓawo, a jiƙa a tsofaffin tukwane. Mu ne masu tattaka ƙasa, ƙafafunmu su yi mako suna ja.

Ina aji biyar baffana ya dawo daga Kaduna da sabuwar mota. Ya ce gidan laka yana ba shi kunya a gaban abokansa, a yi masa filasta a huta da wahalar kowace shekara. Kaka ta ƙi. Ta ce bangon ƙasa numfashi yake, in aka toshe shi ta ciki zai ruɓe.

"Inna, bango ne fa, ba akuya ba," in ji baffa yana dariya.

Ya bari sai da ta tafi biki Tungan Magajiya. Kafin ta dawo ya sa an shafe bangon gabas, wanda ruwa ya fi duka. Ta zo ta tsaya, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce, "Wannan ka ci. Sauran ukun kuwa, sai ka binne ni tukuna."

Damina biyu filastar ta yi. Ta tsage siriri, ruwa ya riƙa shiga ba ya samun hanyar fita. Wata safiya bayan an tafka ruwa, sai ta ɓalle gaba ɗaya ta danne akurkin kaji, ƙasar da ke bayanta ta zama kunu. Da idona na ga baffa ya naɗe wando ya shiga kwaɓi. Kaka kuwa ƙwaryar makuba kawai ta miƙa masa.

Bayan rasuwarta, na riga na buɗe shagona, 'yan'uwa suka taru suka ce a rushe gidan a jera shaguna. Na ce ba da ni ba. Babban yayanmu ya ce, "Kai da kake sayar da siminti?" Na ce, "Yaya, sayar da shin ne ya sa na san inda bai dace ba."

Gyara kam na yi. Na sake kwano, na ƙara masa tsawo don ya kare bango. Na jera duwatsu a gindin gini, na ja wuta da famfo, na sa wa tagogi raga saboda sauro. Katakon nan dai shi ne, shuɗin ma shi na maimaita.

Yau duk layinmu ya koma bulo, wasu har cewa suke rowa ce ta hana ni. Su yi ta faɗa. Yayan nawa ya gina nasa mai kyau, amma in rana ta take a bazara, ɗakin kaka yake zuwa ya miƙe a tabarma. Bana ma na riga na aika Salka a kawo ɓawo.