Zango Uku na Kawu Labbo

Abin da na fara gani ranar da na je hutu gidan Kawu Labbo a Kebbe shi ne keke a kan gado, an lulluɓe shi da zane. Shi Kawu a tabarma yake kwana. Ku da kuka san shi ba za ku yi mamaki ba.

Wani Bature mai allurar shanu ne ya ɓata shi. Ya gaya masa a ƙasarsu ana tseren keke na makonni, zango-zango, wanda ke gaba shi ke sa riga rawaya. Kawu ya tono saiwar rawaya ya rina taguwarsa.

Hutu ya ƙare. Ran Litinin ina da jarrabawar shiga makarantar 'yan mata, a Tambuwal za a zauna. Tafiyar yini ɗaya ce, amma Kawu ya ce zango uku za mu yi. Muka tashi ran Juma'a, ina zaune kan kariyar bayan kekensa riƙe da taguwar, gumi ya mai da tafin hannuna rawaya.

Tun kafin azahar muka sauka a wata ruga.

"Kawu, da sauran rana."

"Ɗiyata, zango zango ne. Ko Turawa ba su ƙara taki guda."

Ran Asabar wata lori ta tsaya mana. Direba ya ce, "Baba, aza keken ga bisa in sauke ku Tambuwal."

"In shiga mota cikin tsere?"

"Da wa kuka tseren?"

"Da kai. Ga shi kuwa ka tsaya."

Lahadi ya ce ranar hutu ce, haka dokar take. Na zauna gindin tsamiya ina bitar lissafi a ƙasa, ina share hawaye da gefen kallabi. Nan na lura takalminsa na roba ya nutse cikin kumburin ƙafarsa, kuma sai ya huta sau biyu kafin ya shanye ludayin fura. Ashe numfashinsa ne ke yanka mana zango.

Litinin tun asuba ya taka. Inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, ya hana ni saukowa. Muka iso ana kiran sunaye.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya sa ya huta. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a keke.

Na waiwaya daga layi na gan shi jingine da katanga, yana haki, yana duban filin makaranta, ba wanda ya ko kalle shi. Ni da ban taɓa ɗaga murya a aji ba, na fita na durƙusa gaban hedimasta.

"Malam, don Allah, kafin mu shiga a ce wa yara su tafa wa kawuna. Shi ya zo na ɗaya."