Mihirabin da Na Gina wa Coci

Har gobe ban manta da ranar da Baturen mishan ya tsaya a gaban bangon da na gina masa ba, ya kama gemu yana kallo kamar ya ga akuya a kan soro. Ku da kuka tarar da ni a nan unguwar Zahir ana ce mini mu'allim, wato babban magini, kuna ganin da iyawata aka haife ni. To ku saurara.

A shekarun hamsin ne, muna kan hanyar zuwa nan a ƙafa, ni da mahaifiyata. A lokacin mai niyyar Hajji yakan yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi sana'a, sannan ya ƙara gaba. Mu a wani ƙauye muka tsaya cikin duwatsun Cadi, don ƙafafun Inna sun kumbura ba ta iya takawa. A ƙauyen akwai Kiristoci 'yan kaɗan, ana ce wa ɗariƙarsu Menonayit. Sun yi shekaru suna taruwa a gindin tsamiya, iska ta sha kwashe musu rumfa, sai suka yanke shawarar yin ɗakin ƙasa. Baturensu, wanda muke kira Mai Gemu, ya ba ni aikin, da alkawarin in na gama kafin ruwa ya sauka zai sa mu a motar mishan zuwa Abeshe. Tafiya ɗaya motar ke yi. In ta wuce damina ta rufe hanya, Inna kuwa ba ta da shekarar da za ta yi asara.

Ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya, ya tafi birni neman ƙofofi. Da na duba sai na ga turakun sun kauce wa alƙibla. Na ce a raina Bature ya san littafi, amma bai san gini ba. Na tuge su na daidaita. Na san coci ne, ba wanda ya ɓoye mini. Sai dai a hannun mahaifina na koyi aiki, masallatai muka yi ta ginawa, ban kuma taɓa kawowa akwai masu ibadar da ba su da inda suke fuskanta ba. Don haka na fitar da mihirabi a bangon gabas, lungun nan da liman ke tsayawa, na yi masa baka, har da zane. Ban tambayi kowa ba, ina ji da kaina.

Bayan sati uku Mai Gemu ya dawo. Da gurgun Larabcinsa ya ce, "Usta," wato magini, "wannan fa?"

Na ce, "Wurin limaminku ne."

Ya yi mini bayani a hankali cewa su ba sa ware wa kowa lungu. Mai karatu a tsakiyar jama'a yake tsayawa yana kallonsu, bangonsu kuma ba a yi masa ado. Rushe bangon da sake shi kwana goma ne, ga hadari ya fara haɗuwa. Na roƙe shi ya yanke hukunci a take, ya ce ba shi da wannan iko, sai jama'a sun zauna. Wannan ya fi komai ɗaure mini kai: Bature, a zamanin Faransa, yana jiran abin da manoma za su ce.

Ranar Lahadi suka zauna a gindin tsamiyar, maza da mata, kowa na tofa albarkacin bakinsa, ni ina gefe ba na jin yarensu. Can sai dattijonsu, Daniyel, ya tashi ya ɗauko wani babban daro da tsumma, ya shiga ginin ya ajiye a cikin mihirabin. Daron ya zauna daram kamar na auna. Ya ce dama sun rasa inda za su riƙa ajiye shi.

Na kasa haƙuri na tambaya ko na alwala ne. Daniyel ya ce a'a, su al'adarsu ce babba ya durƙusa ya wanke wa ɗan'uwansa ƙafa, don kada wani ya ga ya fi wani. Na yi ta tambaya har ya gaji da ni. Da la'asar matarsa ta zo masaukinmu da daron da ruwan ɗumi, ta durƙusa gaban Inna. Inna ta dube ni ta ce, "Ni dai ban shiga addinin kowa ba, amma bar ta, ruwan ya yi mini daɗi."

Zanen kawai suka ce in kankare. Na kankare ina jin zafi, don ya yi kyau. Muka shiga mota, kwana biyu tsakani ruwa ya sauka. Inna ta ga Ka'aba da idonta, a nan kuma aka binne ta.

Abin da na koya shi nake ta nanata muku: kafin ka kafa turke, tambayi mai ɗaki me za a yi a ciki. Hannun magini abin da ya saba yake yi, ba abin da aka sa shi ba.

Shekaru da yawa bayan haka na haɗu da wani alhaji a unguwar Kudai, mutumin wancan yankin na Cadi. Ya ce cocin na nan, an yi masa rufin kwano, matafiya kuma in za su yi salla sai su zaga bayansa su dubi tudun bangon su daidaita sahu. Ya ce, "Wallahi duk wanda ya gina shi ya san alƙibla."

Na ce masa, "Ya sani. Tambaya ce bai iya ba."