Kira Ɗaya da Ƙarfe Goma

Injiniya ake ce mata a asibitin. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaki guda, ba taga, sanyi kamar cikin firji, ga kujera mai gurguwar ƙafa. Manhajojin asibitin bakwai ne, kowacce na riƙe da zanen 'yar'uwarta: ta rajista ta miƙa wa ta likita, ta likita ta miƙa wa ta magani. Ba a kashe su, don ciwo ba ya zuwa hutu. In za a sabunta, sai ɗaya bayan ɗaya suna cikin aiki, tsohuwa na tsaye har kowa ya koma sabuwa. Wannan lallaɓawar ita kaɗai ta iya, kuma iyawar ce ta ɗaure ta.

Da aka mayar da mijinta wani gari, sai ya tafi da 'yarsu mai shekara biyu wurin yayarsa, tunda uwar ba ta zaman gida. Injiniya ta nemi canjin wurin aiki. Manaja ya ce, "Ki rufe tsohuwar manhajar rajista, ki kama hanya."

Sauran duk suka koma sabuwa. Amma kullum ƙarfe goma na safe sai kira ɗaya ya shigo wa tsohuwar, ba suna. Wa ke kira? Oho. In na ɗakin tiyata ne fa, ko na ma'ajiyar jini? A aikinsu ba a rufe ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ta bi ofis-ofis, ta leƙa ƙarƙashin tebura, har masu shara suna tsokanarta, "Injiniya, ba a kama aljanin ba?" Haka baiwar Allah ta ci shekara uku.

Wata Talata biro ya faɗa mata bayan kabad. Ta janye kabad ɗin, sai ga 'yar kwamfuta a kunne, ƙura ta rufe ta. Ita ta ajiye ta da hannunta a shekararta ta farko, don ta riƙa tambayar tsohuwar kowace safiya ko tana aiki. Ta manta sarai. Takaici ya zaunar da ita a ƙasa, ta yi kuka mai isarta, sannan ta zare wayar.

Washegari goma ta wuce shiru. Ta rufe tsohuwar, ba abin da ya motsa. Ta kira mijinta, ya miƙa wa yarinyar.

"Na gama, 'yar lelena. Ina nan tafe, zuwan zama."

Yarinyar ta ce cikin ladabi, "To, Anti. Bari in kai wa Umma ki gaya mata."